Ranar da Ilyasu ya hana Gwaggo Lami magana

Akwai wani mai lambu a Madarumfa ana ce masa Ilyasu Ɗan Baba. Mutum ne mai zafin nama, ba ya ƙyuya, kuma albasar da yake nomawa a bakin tabki ta yi suna har kasuwar Maraɗi.

Masu lambun wajen suna da ƙungiya, mutum sittin da huɗu, maza da mata. Shekara da shekaru wani dattijo ne ke riƙe da ita, ba wanda ya zaɓe shi, kuma danginsa yake fara ba ruwa. Ilyasu ne ya tashi tsaye a kan haka. Lambu-lambu ya dinga bi yana cewa, "Ruwan na kowa ne. Mu zaɓi shugaba da kanmu, in bai yi ba mu sauke shi."

Da ƙyar aka yarda. Ranar zaɓe aka taru ƙarƙashin bishiyar bedi, aka ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Ilyasu ya tsaya, wani mai suna Gambo ya tsaya. Mutum arba'in da ɗaya suka bi bayan Ilyasu, ya ci.

Ana ta yi masa barka, shi kuwa idonsa na kan ɗaya layin, yana haddace fuskoki. Can ya hango Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar da ta goya shi, tsaye bayan Gambo da sandarta.

Bayan an watse ya tare ta.

"Gwaggo, har da ke?"

Ta ce, "Ilyasu, kai ɗana ne, na san ka fi Gambo aiki. Amma kana da saurin fushi, kuma ba ka saurare. Ba kai ka ce kowa ya bi abin da ya gani ba?"

Maganar ta zauna masa a rai.

Shekarar farko ya yi abin a yaba. Ya gyara rabon ruwa, ya yi ta zirga-zirga zuwa Maraɗi har wani furoje, wato shirin tallafa wa manoma, ya yarda zai ba su famfo mai aiki da hasken rana, ya kuma gina musu mangaza ta ajiye iri da albasa. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: ƙungiya ta zauna ta zaɓi wurin da za a yi ginin.

Ilyasu ya riga ya zaɓa a ransa. Wani fili ne a gangare, dab da tabki, kusa da lambuna. Ya kira taro ne don kawai a ce an yi.

Yana gama bayani Gambo ya ɗaga hannu.

Ilyasu ya ce, "Gambo, an yi zaɓe ka faɗi. Dimokuraɗiyya rinjaye ce. Waɗanda suka ci su ke magana, sauran su bi."

Wasu suka yi dariya. Gambo ya sauke hannunsa.

Sai Gwaggo Lami ta dogara sanda ta miƙe. "Ɗana, wurin ga da kake faɗi, tun ina yarinya..."

"Gwaggo, zauna. Nan ba gida ba ne. Ki je ki ba wanda kika zaɓa shawara."

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi jama'a, ba wanda ya ɗaga kai. Ta gyara lulluɓinta ta fice a hankali.

Duk da haka ba ta yi fushi ta bar shi ba. Washegari ta je gidansa, ya ce yana sauri. Sai ta gaya wa matarsa Mardiyya cewa sau biyu a rayuwarta ta ga ruwa ya shanye filin nan, in gulbi ya kawo da ƙarfi nan yake fara kwanciya. Mardiyya ta isar da saƙo.

Ilyasu ya ce, "Maganar 'yan adawa ce. So suke aikin ya lalace a ce na kasa."

Aka yi gini. Aka kafa famfo. Daga nan ma Ilyasu ya daina kiran taro, wai surutu ɓata lokaci ne. Wanda ya yi ƙorafi sai ya ga ranar ruwansa ta koma ƙarshe. Mutane suka koyi yin shiru.

Damina ta farko lafiya lau. Ilyasu har yana tsokanar Gambo a masallaci, "Ina ruwan da kuka ce zai zo?"

A damina ta biyu, cikin watan Agusta, aka kwana uku ana sheƙa ruwa. Gulbi ya cika ya tumbatsa, tabki ya haura. Da safe Ilyasu ya iso bakin lambu ya tarar ruwa ya kai ƙugu a inda mangazar take. Yana tsaye yana kallo bangon gabas ya zube. Irin albasar mutum sittin da huɗu yana ciki. Famfon ya nutse, laka ta cika shi.

Ya juya ya ga Habibu, babban na hannun damansa, yana share hawaye.

"Habibu, wa zai taɓa zaton haka?"

Habibu ya ce, "Mu duka mun zata. Babana ma ya sha faɗa mini wurin ga hanyar ruwa ne."

"To mi ya hana ka gaya mini?"

"Mun ga abin da ka yi wa wadda ta goya ka. Ni wane ne?"

Wannan magana ta fi rushewar ginin yi masa ciwo. Ashe mutanen da suka tsaya bayansa ma tsoronsa suke ji.

Masu furoje suka zo suka duba, suka ce ba su da wani famfon. Ranin nan rabin lambunan ba su yi kore ba. Magidanta da yawa suka tsallaka Najeriya ci-rani. Gwaggo Lami, da ɗan lambun zogalarta ya bushe, ta koma Gabi wurin 'yarta Rahama.

Ilyasu ya kira taro, karo na farko cikin kusan shekara biyu. Ya tsaya gaban waɗanda suka rage ya ce, "Ni na yi faɗa don a ba kowa baki, ni kuma na toshe muku baki. Na sauka. Ku zaɓi wani." Suka zaɓi wata mata mai suna Ramatu, wadda ta fara aiki da tambayar kowa ra'ayinsa ɗaya bayan ɗaya.

Saura neman gafarar Gwaggo. Kullum sai ya ce gobe zai je Gabi, kunya ta hana shi. Sati ya zama wata, wata ya zama uku. Ranar da ya hau babur ya tafi, kira ne ya same shi cewa jikinta ya yi tsanani. Ya isa ya tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Ya durƙusa gaban Rahama.

Rahama ta ce, "Tashi, Yaya. Ta yafe maka tun tuni, kullum sai ta sa ka a addu'a. Abu ɗaya take yawan faɗi: da ka bar ta ta ƙare maganarta, ba za ta wuce minti biyu ba."

Ilyasu yana nan har yau yana noman albasarsa. Ba ya fashin taro, amma bai sake neman shugabanci ba.

Darasi: Cin zaɓe ba izinin toshe bakin mutane ba ne. Masu rinjaye su ke yanke hukunci, amma sai bayan an saurari waɗanda ba su zaɓe ka ba, domin wataƙila gaskiyar da za ta cece ku tana bakinsu. Kuma in ka ɓata wa wani, ka nemi gafararsa yau. Ku tura wa duk wanda aka ɗora wa jagorancin jama'a, ko da ƙungiyar unguwa ce.