Ɗaya Zuwa Takwas

Ku matso, 'ya'yana. Ku da na haifa da ku da kuke bin shafin nan kuna ce mini Mama, yau duk ɗaya kuke a wurina. Kun girma, wasunku har furfura ta fara leƙowa, amma har yanzu hannuna yana kai wa kunnuwanku. Ku ajiye abin da kuke yi ku saurara.

Akwai wata mata tela, duk unguwa Mai Keke ake ce mata saboda keken ɗinkinta ba ya hutawa. Mijinta tsohon hedimasta ne, mutum mai tsare gida, wanda ko gyaran murya ya yi a bakin layi sai yara su gyara tsayuwa. Rabin samarin unguwar ta hannunsa suka bi.

Sai ciwo ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Mutumin da muryarsa take cika filin makaranta ya koma in zai ce "ruwa" sai ya yi ta kokawa da kalmar, yawu na zuba.

Mai Keke ta ja kekenta ta kai ɗakinsa da ke can ƙuryar gida. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke juya shi, ita ke wanke shi ta sauya masa famfas. Ko ƙaninsa ba ya yarda ya shigo sai an lulluɓe shi an goge masa baki. Lafiya ta tafi, murya ta tafi, abin da ya rage masa shi ne mutuncinsa, kuma a hannun matarsa ya ba da shi ajiya.

'Ya'yansu biyu suna aiki nesa. Babban ana ce masa Injiniya, ƙaramar kuma Auta, ma'aikaciyar jinya ce. Wata rana Injiniya ya zo da kwali biyu. Ya kafa akwatin waifai a falo, wanda ake kira rauta, ya kuma maƙala wata 'yar kyamara a saman ƙofar ɗakin babansa.

"Inna, yanzu duk inda muke muna ganin Baba a waya. In wani abu ya faru ba sai kin kira ba."

Mai Keke ta ɗaga kai ta kalli abin. "To mu da muke ciki fa? Ba kowa zai gan mu ba?"

Ya yi dariya. "Sai mai fasuwod, wato kalmar sirri. Na sa miki mai sauƙi don kada ki manta: ɗaya zuwa takwas. Da waifai ɗin da kyamarar duk shi ne."

Auta tana jin su ta waya. Ta ce, "Yaya, wannan ai ko ɗan firamare zai cinka."

"Ke yi mana shiru, allura kika sani. Wa ya damu da gidan tsofaffi? Ɓarayin intanet banki suke nema."

Ya kama hanya ya tafi.

Wadda ta fara roƙon lambar waifai ɗin ita ce Matar Direba, maƙwabciyarsu, wadda kullum da safe take shigowa su kama Hedimasta su gyara masa kwanciya. 'Yarta tana karatu ta waya, data ta ƙare. Da wane baki Mai Keke za ta ce a'a? Ta faɗa mata. Bayan ta sai Mai Shago na kan kwana, shi ma ya ce saƙo ɗaya kawai zai tura. Daga nan ba wanda ya ƙara tambaya. Wanda ba a faɗa wa ba ya gwada da kansa, ƙofa ta buɗe.

Kafin a ce me, dakalin ƙofar gidanta ya zama majalisa. Samari su zo tun hantsi, kowa kai a sunkuye kan waya, har da mai zuwa da tabarmarsa. In za ta fita sayen zare sai ta tsallake ƙafafu.

"Sannu Inna! Yau sabis ɗinki yana gudu kamar ya ci kuɗin wani."

"Inna, a ɗan matso mana da akwatin kusa da taga mana."

Ta yi murmushin yaƙe ta wuce. Ta daina zama a ƙofar gida da yamma. In Auta ta kira da bidiyo sai hoton ya tsaya cak, baki a buɗe, murya na yankewa. Duk da haka Mai Keke ta ce a ranta, ai 'ya'ya ne, kuma iska ce ake sha, ba ta ƙarewa.

Wata safiya Hedimasta ya zame daga gado tana cikin wanke shi. Ita kaɗai ce, Matar Direba ta je asibiti. Da kyar da jan gwiwa ta mayar da shi, suna haki su biyu. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yanta.

Washegari ta je sayen sabulu. Mai Shago ya miƙo mata, ya ce, "Kai, Inna, sannu da ƙoƙari. Jiya da Malam ya faɗo wallahi saura kaɗan in rufe shago in rugo."

Hannunta ya tsaya a kan sabulun. "Wa ya ce maka ya faɗi?"

Ya fara gyara gwangwanayen da ba su karkace ba. "A'a, haka dai na ji."

"A bakin wa? Ni na faɗa maka, ko shi da ba ya magana?"

Ta juya ta nufi gida. Tana tsallake samarin dakali, sai ta ji wani daga baya ya karkace baki ya ce, "Ru… ru… ruwa." Aka fashe da dariya, wani ya ce, "Kai, ba ka da kirki."

Ɗakin yana ƙurya, ba taga ko ɗaya da ke kallon titi. Ta shiga ta tsaya ta ɗaga kai. 'Yar fitilar kyamarar tana ƙiftawa. Ta tuna wankan safe da na yamma. Ta tuna sunan da take kiransa da shi in su biyu ne, wanda ko 'ya'yanta ba su taɓa ji ba. Sai ta ji kamar an yaye rufin gidan.

Ta ɗauki ƙyallen da ya rage daga ɗinki ta taka kujera ta rufe idon abin.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Injiniya ne. "Inna, me ya rufe kyamara? Duhu nake gani."

"Ni na rufe. Mutanen waje suna kallon ubanku tsirara."

"Haba Inna! Ba zai yiwu ba. Kin fara sauraren surutun unguwa ke nan. Don Allah cire ƙyallen, in ya sake shiga wani hali ta ina za mu sani?"

"Na ce maka suna kwaikwayon maganarsa a ƙofar gida!"

Ta ɗaga murya, ta manta a ɗakin take. Ta ɗauka barci yake. Da ta waiwaya sai ta ga idonsa biyu, yana kallon ƙyallen da ke saman ƙofa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi ta yunƙuri da hannunsa mai rai har ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar ya rufe baki. Ta kawo cokali, ya datse haƙora. Ta kawo ruwan wanka, ya riƙe bargo da iya ƙarfinsa.

Ta je falo ta zare wayar akwatin daga soket. Ko zama ba ta yi ba aka fara buga ƙofa. "Inna, lafiya? Sabis ya ɗauke." Matar Direba ta shigo hankali a tashe, yarinya tana tsakiyar jarrabawa. Auta ta kira tana kuka, ta ce ba ta ganin Baba, ko ɓoye mata ake yi ya rasu.

Mai Keke ta mayar da wayar akwatin cikin soket.

To ku duba inda matar nan ta tsinci kanta. In ta kunna, ƙyalle ya rufe idon kyamarar amma bai toshe kunnenta ba, ana sauraren mijinta. In ta kashe, ta zama muguwa a unguwa, 'ya'yanta kuma su hana ta sakat. Sauya lambar ba ta iya ba. Fita ba ta iya yi, domin duk wanda ya gaishe ta sai ta tambayi kanta me ya gani. Ko a falonta ta koma tafiya da sanɗa, tana yafa mayafi. Gidan da suka gina da guminsu ya zama keji, ita da mijinta a ciki, unguwa na zagaye.

Hedimasta yana ta ramewa. Da ta ga ƙasusuwan wuyansa sun fito, kunya ta fita daga idonta. Ta sake zare wayar akwatin, ta naɗe ta ta jefa cikin aljihun keke. Ta sa sakata. Aka yi ta bugu, ba ta buɗe ba. Ta kira ɗanta ta ce, "In kana son ganin ubanka, ka zo da ƙafarka." Ta kashe wayarta.

Ya iso ransa a ɓace. Tun daga ƙofa ya fara, "Inna, kin san aikin da na baro kuwa?"

Ta lulluɓe mijinta har wuya, ta mayar da wayar akwatin, ta cire ƙyallen. Ta kama hannun Injiniya kamar lokacin da take kai shi makaranta, ta ja shi har shago.

"Mai Shago, buɗe wayarka ka nuna masa."

"Inna, ni fa wallahi tausayi ne ya sa nake dubawa…"

"Ban tambaye ka dalili ba. Buɗe."

Ya danna. Ga ɗakin nan tar. Ga keken ɗinki, ga bokitin wanka, ga bayan Hedimasta ya fuskanci bango. Har numfashinsa ana ji.

Injiniya ya riƙe kantar shagon. "Wa ya ba ka wannan?"

"Yaran nan ne suka gano. Sun ce in kana kan waifai ɗin gidan, kyamarar tana fitowa da kanta, lambar kuma iri ɗaya ce."

"Mutum nawa ne suke da shi?"

Mai Keke ta ce, "Tambayi wanda ba shi da shi, zai fi maka saurin ƙirgawa."

Da suka koma gida, Injiniya ya zauna zai gyara sai ya tarar shi kansa an kulle shi a waje. Akwatin yana da tasa kalmar sirrin ta shiga ciki, wadda ya bari yadda kamfani ya sa, wani daga dakali ya riga ya shiga ya sauya ta. Sai da ya roƙi fil a wurin uwarsa ya soka a wani ɗan rami a bayan akwatin, komai ya goge, ya fara daga farko.

Wannan karon tana tsaye a kansa. Zai sa shekarar haihuwarsa, ta ce, "Ungozomarka tana raye, kuma bakinta ba ya rufuwa." Zai sa lambar wayarta, ta ce, "Wadda ke rubuce a allon ɗinkina?" Suka haɗa kalmomi huɗu da ba abin da ya haɗa su, suka cusa lambobi da alamomi a tsakani, doguwa har sai da ya yi tsaki wajen bugawa. Waifai da tasa, cikin akwatin da tasa, kyamara da tata.

A waje aka fara guna-guni. Wani ya ɗaga murya, "Inna ta yi rowa!" Ta buɗe ƙofa ta tsaya ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Mai tabarma ne ya fara naɗewa.

Injiniya ya shiga ɗakin ya durƙusa a bakin gado. "Baba, na rufe. Wallahi yanzu ba mai gani sai ni da Auta. Ka yafe mini."

Hedimasta bai juyo ba. Ya ɗaga hannunsa mai rai ya nuna saman ƙofa, ya yi alamar a sauke.

"Baba, ai yanzu da tsaro…"

Hannun bai sauka ba.

Injiniya ya taka kujera ya kwance kyamarar da kansa. Sai da tsohon ya ga ramukan kusoshi a bango, sannan ya buɗe baki ya karɓi cokali ɗaya.

Ya ci gaba da cin abinci, amma bai ƙara yarda a shigo da baƙo gaishe shi ba. Tsofaffin ɗalibansa suna zuwa, ya ɗaga hannu a ce musu yana barci. Kalmar sirri ta rufe ƙofa, amma ba ta shiga wayoyin mutane ta goge abin da suka riga suka adana ba, kuma ya san haka.

Darasi: Waifai ɗin gidanka ƙofa ce, kuma ba falo kaɗai take buɗewa ba, har ɗakin kwana take kaiwa. Kada ku sa ɗaya zuwa takwas, ko sunan ɗa, ko lambar waya. Ku sa doguwa mai wuyar cinka, ku sauya wadda kamfani ya sa a cikin akwatin, kada kyamara da waifai su yi tarayya a kalma ɗaya. In maƙwabci ya roƙa, a buɗe masa layin baƙi daban, ko a ce masa a'a ido cikin ido. Ku tura labarin nan ga duk wanda ya kafa wa iyayensa irin wannan akwatin ya tafi.

Yanzu ku raba mini gardama. Ƙanwata ta ce laifin uwar ne da ta kasa hana maƙwabta. Ni na ce na ɗan ne, da ya san abin ya raina shi. Mun kwana biyu ba ma ga maciji a kan wannan. Ku rubuta a ƙasa ku yanke mana, amma wanda bai gyara na gidansa ba kada ya sa mini baki.