Shekarar da Alkama Ta Fi Ƙarfin Rumbunan Wendell

Akwai wani manomin alkama a Saskatchewan ta ƙasar Kanada mai suna Wendell. Shekara uku fari yana cinye masa gona, sai a ta huɗu alkamarsa ta yi kyan da bai taɓa gani ba.

Ana gobe zai fara girbi, maƙwabcinsa dattijo Orval ya faɗo daga kan rumbu ya karye. Rediyo kuma ta ce dusar ƙanƙara na tafe nan da kwana huɗu.

Wendell ya tada motar girbinsa ya nufi gonar Orval. Matarsa Darlene ta tare shi a hanya.

"Wendell, tamu fa? Ka san dusar nan ba jiranka za ta yi ba."

"Na sani. Amma ni ina kan ƙafafuna, shi yana kwance."

Kwana uku ya yi kafin ya gama. Rana ta huɗu ya tsaya bakin tasa gonar, sama ta yi baƙi, aikin kuwa na mako guda ne.

Sai ya ji ƙasa na rawa. Motocin girbi goma sha ɗaya ne a jere. Ashe Ardith, matar Orval, ta buga wa manoman yankin waya ɗaya bayan ɗaya.

Direban motar gaba ya leƙo ya ce, "Matsa mana, ka tsaya kamar turken shinge."

Kafin la'asar an share gonar. Rumbuna suka cika, aka tsiba sauran a ƙasa aka rufe da tamfol, tsibin ya fi rufin gidansa tsawo. Wendell ya cire hula yana kallo.

Ardith ta zuba masa shayi har ya taɓa bakin kofi.

Ta ce, "Ka san dalilin da muke kiran irin wannan girbi *bumper crop*? A da can a Ingila, *bumper* kofi ne da ake cikawa taf, a ɗaga shi sama a yi wa wani fatan alheri. Ba don kanka kake cika shi ba."

Wendell ya ɗaga kofin, shayin na zuba a yatsunsa. A lokacin dusar ta fara sauka.

Darasi: Wanda ya ajiye nasa don ya tallafi maƙwabci bai yi asara ba, alherinsa zai dawo masa har ya rasa wurin zubawa. Ku tura wa wani ya amfana.