Abdulƙahar da Akwatin Intanet na Hajiya Karimatou

Akwai wani mai haɗa intanet a Kotonu, sunansa Abdulƙahar. A Zongo aka haife shi, amma da ya yi aure sai ya koma unguwar Akpakpa, ya bar mahaifiyarsa da ƙanwarsa Ruwaida a gidan gado.

Shi ya haɗa wa Hajiya Karimatou, mai shagon intanet a Zongo, wifi ɗin da take sayar wa 'yan layinsu. Akwati ne ƙarami a saman kabad, duk intanet ɗin ta cikinsa yake bi. Abdulƙahar ya tsara komai a ciki: tikitin kwastoma, kalmomin sirri, da hanyar da kwamfutocin shagon ke samun rezo, wato sabis ɗin intanet. Duk lokacin da ya taɓa wani abu, sai ya kwafe saitin tare da manhajar da ke tada akwatin, ya zuba su a wata 'yar kile, wato filas na ajiyar bayanai, da ke rataye cikin makullan babur ɗinsa. Hajiya ba ta taɓa neman nata kwafin ba, shi ma bai taɓa ba ta ba.

Ana haka Fadel, ɗan ƙanin Hajiya, ya gama karatu ya dawo. Hajiya ta damƙa masa shagon. Ba ta kira Abdulƙahar gefe ba, a bakin titi ta faɗa masa ta sallame shi, 'yan zem masu acaɓa suna zaune kan baburansu suna ji. Ta ce ta gaji da mutumin da sai an lallaɓa shi kafin ya ɗaga waya, yanzu ta samu nata na gida. Aka yi dariya.

Abdulƙahar ya hau babur ya tafi. Amma dariyar nan ta zauna masa a rai, ko abinci yake ci sai ya ji ta. Ya faɗa wa abokansa a teburin mai shayi cewa sai Hajiya ta zo Akpakpa da ƙafarta ta roƙe shi.

Fadel bai san akwai ƙofar da ake shiga akwatin daga nesa ba, don haka bai rufe ta ba. Wata safiya bayan asuba Abdulƙahar ya shiga ta nan, ya goge saitin kaf. Bai ji ya huce ba, sai ya tura wa akwatin manhajar wani akwati daban, wadda ya san ba za ta tashi ba. Da ya zo kan gada a hanyar aiki, ya tsaya, ya ɓalle kilen, ya wurga ta cikin ruwa. Har waƙa yake yi da ya hau babur.

Da hantsi wayarsa ta yi ƙara, Ruwaida ce tana kuka. Ranar ce za a yi mata tambayoyi ta bidiyo a kan gurbin karatun jinya da ta daɗe tana nema a ƙasar waje. Ta faɗa masa tun tuni, fushi ya mantar da shi. Dole sai da kwamfuta mai kyamara, kuma a shagon Hajiya aka tanadar mata ɗaki, ga shi intanet ɗin shagon ya mutu. Sun gwada da datar waya, hoto sai yankewa yake.

"Yaya, don Allah ka zo. Fadel ya ce da a ce akwai kwafin saitin, kafin a tafasa shayi an mayar da komai. Na ce masa kana da shi, kullum yana jikin makullanka."

Abdulƙahar ya dubi makullan.

Ya iso Zongo a guje, gumi ya jiƙa masa riga. Ya sauko da akwatin, ya jona masa waya, ya fara neman manhajar da ta dace da datar wayarsa, tana saukowa kaɗan-kaɗan. Da akwatin ya tashi, fanko ne, sai an sake gina komai daga farko. Fadel ya ɗauki Ruwaida a babur zuwa wani shago a unguwar Saint-Michel, amma kafin su ratsa cunkoson kasuwa lokacinta ya wuce. Mutanen can suka rubuto mata cewa sai baɗi.

Kafin la'asar maganar teburin mai shayi ta zagaye layin. Hajiya ta same shi durƙushe cikin wayoyi, ta tambaye shi ina kilen. Ya ce tana ƙarƙashin gada. Ta ce ta san ta ci masa mutunci a gaban jama'a, kuma ba za ta kai shi komisariya wurin 'yan sanda ba saboda mahaifiyarsa, amma ya gama aikin ya fita. Fadel ya tsaya a kansa har ya kammala, sannan ya rufe ƙofar nan ta nesa, ya canza kalmomin sirri, ya kwafe komai gida biyu, ɗaya a wurinsa, ɗaya a jakar Hajiya.

Washegari shago ya buɗe, samari suka cika benci kamar kullum.

Abdulƙahar ya je gida ba Ruwaida haƙuri. Ya tarar da ita tana ninke farar rigar da ta goge don ranar. Ba ta ɗago ba.

"Yaya, Hajiya yini ɗaya ta rasa," in ji ta. "Ni shekara ka ɗauke mini."

Darasi: Idan an wulaƙanta ka, ka faɗi damuwarka a fili, kada ka rama a ɓoye da amanar da aka ba ka, domin ba ka san wanda abin zai faɗa wa ba. Ku kuma masu sana'a, kada kwafin aikinku ya zauna a hannun mutum ɗaya. Ku tura wa wani wannan labari, wataƙila yana cikin fushi yau.