Alharinin Sarkin Fawa da Shirwar Rimi

An ce wai a wani gari na bakin gulbi an yi wani alƙali, Malam Ƙasimu, wanda ya san halin tsuntsaye kamar yadda ya san na mutane.

A garin akwai maɗinki Tanimu, wanda son Kuluwa, 'yar Sarkin Fawa Gambo, ya hana shi sukuni. Saura wata guda a ɗaura musu aure, Sarkin Fawa ya ba shi jan zaren alharini ya yi masa aikin wuyan riga. Tanimu ya wanke zaren, ya shanya a kan danga, ya shiga ɗaki. Ko da ya fito, babu zare.

Sarkin Fawa ya kai shi gaban alƙali yana huci. "Allah ya gafarta Malam, wanda ya ci amanar zare zan ba 'yata? Na fasa!"

Tanimu ya ce, "Wallahi Baba, ko akuya ba ta shigo gidan ba."

"To, aljani ne ya ɗinka hula da shi?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Alƙali kuwa bai yi ba. In ya rantsar da Tanimu ya sallame shi, zargi zai bi shi har kabari, aure kuma ya mutu. In ya ɗora masa laifi, ya yi hukunci babu shaida.

Sai ya tambayi Tanimu, "Wace itaciya ce kusa da gidanka?"

"Rimi, Malam."

"Sarkin Fawa, shirwa ta dawo?"

"Tun ɗaukewar ruwa. Ta ishe mu da fizgar nama!"

Alƙali ya sa aka rataya jan ƙyalle a dangar nan, kowa ya zauna inuwa ya yi shiru. Can sai ga shirwar tana shawagi, tana murɗa tsagaggiyar wutsiyarta. Ta karkato, ta suri ƙyallen, ta yi ƙolin rimi da shi. Wuri ya kaure da sowa, Kuluwa ta manta kunya ta rangaɗa guɗa daga bayan danga!

Sarkin Fawa ya zabura. "A hau a ɗauko mini!"

Alƙali ya ɗaga hannu. "Shirwa baƙuwa ce. Da kaka take zuwa, da rani take sheƙa, tana shimfiɗa wa ƙwanta tsumma da zare. In damina ta kankama ta bi fara arewa. Ba za a wanke wani gida a rushe wani ba. A ɗaura aure yanzu, zare ya jira tafiyarta."

Haka aka yi. Da ruwa ya sauka shirwar ta tafi da 'ya'yanta, aka hau, aka sami alharinin a sheƙa, ya koɗe. Sarkin Fawa ya miƙa wa Tanimu. "Surukina, ɗinka mini shi haka, in riƙa tuna wautata."

Masu hankali suka ce: kafin ka tuhumi hannun ɗan'uwanka, ka san halin duk abin da ke shawagi bisa gidansa.