Zaren Uwa Mai Ƙulli

Ga ta nan ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta.

A wani daji, kowace dabba da zare biyu ake haifarta a cikin gashinta, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Sirara ne, da ƙyar ido ke ganinsu. In an yi gardamar ɗa, sai a je wurin Gizo masaƙi, ya zaro su, ya yi ta saƙa irinsu har su yi tuli, kowa ya ga launinsu.

Ana nan, sai 'yar Akuya ta ɓata. Akuya ta yi ta nema, sai ta same ta ɗaure a gidan Kura.

Kura ta ce, "Marainiya ce na tsinta, ni zan riƙe ta."

Riƙon Kura fa! Har ta wanke tukunya.

Sai aka tafi wurin Gizo. Zaren Akuya ja ne, kowa ya sani. Gizo ya tsige gashin 'yar, ya saƙa, sai ga baƙin zare tuli. Ya ce, "Babu ja. Ba 'yarki ba ce."

Akuya ta matso kusa. Ta ce, "Malam Gizo, a sake."

Ya sake, baƙi. Kura ta lashe baki.

A na uku, Akuya ta bar kallon tulin, ta zuba wa hannun Gizo ido. Sai ta ga ya ture wani ɗan abu kamar ƙwayar gero.

"Mene ne wancan?"

"Datti ne. Ba ya shiga masaƙa."

"Haba Malam! Kowa zare biyu gare shi. Ka nuna mana na uba, ina na uwa?"

Gizo ya jawo ɗan abin ya duba. Ashe zaren uwa ne ya ƙulle, shi kuwa rago, mai sauƙin yake saƙawa.

Akuya ta kawo ruwan ɗumi, aka jiƙa ƙullin, ya warware. Gizo ya saƙa, sai ga ja, jawur!

Wayyo daɗi! Akuya ta durƙusa tana lasar 'yarta tana kuka. 'Yar kuwa ta cusa kai tana neman nono.

To, kun ji. In an ce muku babu, ku tambaya ko an duba abin da aka ture gefe.

Ƙurunƙus! Kura ta koma ta kife tukunyarta.