Gudun Da Kalla Ya Yi Wa Mahfuzu

Akwai wani saurayi a garin Tabotaki, sunansa Mahfuzu, shi ne ɗan gaban ƙungiyar ƙwallon garin. Duk wanda ya taɓa kallon wasansa zai faɗa maka abu biyu: Mahfuzu yana ci, kuma Mahfuzu ba ya gudu.

Ana buga wasa kowa ya jiƙe da gumi, shi yana can gaba yana takawa a hankali kamar mai zagayen kasuwa. Sai ƙwallo ta faɗo kusa da shi, ka ga ya goce wa mai tsaron baya, kafin gola ya shirya tana cikin raga.

Garin ya rabu biyu a kansa. A fadar shayi kullum musun ke nan.

"Wanga yaro raggo ne, kowa na wahala shi yana tsaye," in ji wasu.

"Raggo ne ke ci muku wasa? Wayo ne. Shina ajiye ƙarhinai sai inda za shi yi amfani," in ji sauran.

Gaskiyar magana, da farko wayon ne. Mahfuzu yana da ido. Yana tsaye, amma yana karanta ƙafar mai tsaron baya, yana lura da inda gola ke karkata. Ko Maiguwa, dattijon da ke horar da su, yakan ce a ƙyale shi, ba kowane ɗan wasa ne aka yi don gudu ba.

Abin da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba shi ne mutumin da ke bayansa.

Kalla ɗan tsakiya ne, abokin Mahfuzu tun suna kiwon awaki tare. Shi ke ƙwato ƙwallo, shi ke kai ta gaba. In Mahfuzu ya zubar da ita, Kalla ne zai sheƙo ya rufe wurin da abokinsa ya bari. Gudun mutum biyu yake yi, kuma bai taɓa ƙorafi ba. Manomi ne, yana da mata, Zaliha, da jaririya. Da safe yana gona, da la'asar yana fili.

Da sunansa ya fara tashi, Mahfuzu ya canza. Ya daina zuwa horo sai ranar da ya ga dama. Ya fara ƙiba. Tsayuwar da a da take ta lissafi ta koma tsayuwar hutu, amma da yake ƙwallayen Kalla suna isowa daidai ƙafarsa, bai daina ci ba. Shi kansa bai gane bambancin ba.

Wata rana Maiguwa ya kira shi gefe.

"Ɗana, da kana tsaye kana tunani. Yanzu tsaye kawai kake."

Mahfuzu ya yi dariya. "Baba Maiguwa, ka ƙirga gol, bar ƙirga gumi. Jaki ma shina gudu."

Kalla yana kusa yana ɗaure takalmi. Ya ji maganar, bai ɗago kai ba.

Bayan girbi aka shirya gasar kup a Buza, garuruwa da dama suka shiga. Tabotaki ta kai wasan ƙarshe, za ta kara da 'yan Urno. Labari ya bazu cewa wani mutum daga wata babbar ƙungiya ta birni zai zo kallo, yana neman ɗan gaba.

Ranar wasan, suna saka mayo, wato rigunan wasa, a ƙarƙashin wata bishiya, Kalla ya matso kusa da abokinsa, ya rage murya.

"Mahfuzu, gwiwata ta kumbura tun wasan da munka yi na baya. Yau ka taimake ni. In balo ta kuɓuce maka, ka ɗan bi ta. Ko tare mutum kawai ka yi har in iso."

"In na gaji da gudu, wa za shi ci? Kai ka san mutumin birni don ni ya zo."

"Na sani. Yau kaɗai nike roƙo."

"Ka yi aikinka, in yi nawa," in ji Mahfuzu, ya juya yana gyara riga.

Aka fara wasa. Filin Buza busasshe ne, ƙasa mai tauri da tsakuwa. Kafin a tafi hutu, Kalla ya ƙwace ƙwallo a tsakiya, ya tura ta tsakanin mutum biyu. Mahfuzu ya taɓa ta sau ɗaya, ta shige. Fili ya ɗauki ihu. Mahfuzu ya ruga wajen da baƙon birni yake zaune yana buga ƙirji. Wannan ne gudu mafi tsawo da ya yi a ranar.

Bayan hutu 'yan Urno suka matsa. Kalla ya fara ɗingishi. Maiguwa ya yi masa alama ya fito, Kalla ya girgiza kai, don babu wanda zai iya riƙe tsakiyar in ya fita.

Wasa ya kusa tashi, ƙwallo ta zo wa Mahfuzu. Ya so ya yi wani salo don baƙo ya gani, ta kuɓuce. Mai tsaron bayan Urno ya ɗauke ta, ya wuce ta gefensa, kusa har kafaɗarsu ta gogi juna. Da Mahfuzu ya miƙa ƙafa kawai, da ya tsayar da shi.

Bai miƙa ba. Ya riƙe ƙugu yana kallo.

Mutumin ya kutsa da gudu, fili a buɗe gabansa. Kalla ya taso daga ɗaya gefen, yana jan ƙafa yana gudu. Ya cim masa dab da gidan gola, ya zube ya fitar da ƙwallo waje. Amma ƙafar mai ciwo ta maƙale a ƙasa, jikinsa ya juya, ita ba ta juya ba. Waɗanda ke bakin fili sun ce sun ji ƙarar.

Kalla bai yi ihu ba. Ya cusa fuska cikin ƙasa yana dukan ta da hannu.

Aka ɗora shi a moto, wato babur, mutum ɗaya ya riƙe shi ta baya, aka nufi likita, wato asibiti. Ba a daɗe ba alƙalin wasa ya hura tashi. Tabotaki ta ci kup. Jama'a suka ɗaga Mahfuzu sama suna kiran sunansa.

Baƙon birni ya riƙe hannunsa ya ce, "Gobe da safe mota za ta tashi. In kana so, ka shirya."

Maiguwa ya ce wa Mahfuzu, "Ka biya ka duba ɗan uwanka kafin ka tahi."

"In na samu wuri zan dawo in gan shi, Baba. Ai Kalla ƙarfe ne, za shi tashi."

Da safe ya shiga mota. Ba ta biya ta likita ba, shi ma bai ce a biya ba.

A birni abin ya zo masa daban. A can kowa gudu yake, har ɗan gaba. Ranar farko ta horo, tun ba a yi nisa ba numfashinsa ya ƙare, ya durƙusa yana haki. Da aka raba su wasa, ya je ya tsaya inda ya saba tsayawa yana jira. Ƙwallo ba ta zo ba. In ta zo ma, ba ta zuwa daidai ƙafarsa, sai ya bi ta, kafin ya isa wani ya riga shi.

Ya yi ta cewa 'yan tsakiyarsu ba su iya ba. Wata rana kapitan ɗin ƙungiyar ya gaji da jin haka, ya tsaya a gabansa.

"Kai, mu nan ba mu da bawa. A ƙauyenku wa ke yi maka gudu?"

Mahfuzu ya sunkuyar da kai. Fuskar Kalla ya gani a ransa, cikin ƙasa.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya fara gudu da asuba, ya rage ci. Amma jikin da ya saba hutu shekara da shekaru bai karɓa da wuri ba, su kuma ba su da lokacin jiransa. Suka karɓe mayonsu suka sallame shi.

Kunya ta hana shi komawa gida nan da nan. Ya yi ta raɓe-raɓe a birni har damina ta faɗi, sannan ya hau mota.

Ya sauka Tabotaki ana tsakiyar noma. Hanyar gidansu ta ratsa ta gefen gonar Kalla. Ya tsaya. Gonakin maƙwabta fes, gero ya yi kore shar. Ta Kalla kuwa ciyawa ta shanye ta. A tsakiyarta ga Zaliha, goye da 'yarta, tana duƙe da hauya ita kaɗai.

Ya yi sallama. Ta ɗago ta dube shi, ta amsa a taƙaice, ta ci gaba da aikinta.

"Ina Kalla?"

"Shina gida. Ina za shi je?"

Ya same shi zaune a ƙarƙashin rumfa, ƙafar a miƙe, sanda a gefe. Ya rame. Likita sun yi nasu, mai ɗori ya yi nasa, amma gwiwar ta warke a sandare, ba ta lanƙwasuwa. Abokai sun yi masa gayya a noman farko, sai dai kowa da tasa gonar.

Mahfuzu ya durƙusa a gabansa, hawaye suka zubo.

"Kalla, ni na karya ka. Mutumin nan ta gefena ya wuce."

"Na gani."

"Ka yafe mini."

Kalla ya kalli ƙofar gida, ya ce, "Ƙafa ƙaddara ce, ban riƙe ka a kanta ba. Gudun da na yi maka ma ban yi nadama ba, don ina jin daɗi in ka ci. Abin da ya ci mini rai, ina kwance likita, duk wanda ya ɗaga labule sai in ce kai ne."

Mahfuzu ya kifa kai a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Tashi," in ji Kalla. "Na yafe. Amma tashi, kukanka ba shi miƙe ni."

Washegari Mahfuzu ya ɗauki hauya ya shiga gonar. Hannunsa ya yi kanta, ya fashe, bai tsaya ba. Amma ya makara. Ciyawa ta riga ta ci ƙarfin geron, abin da aka girbe a shekarar bai kai su ko tsakiyar rani ba. Zaliha ta koma sussuka da daka a gidajen mutane don su samu na tuwo.

Ƙungiyar Tabotaki ba ta sake kai wa ko'ina ba. Maiguwa ya ajiye horo. Mahfuzu ya gwada komawa fili, amma babu mai tura masa ƙwallo irin ta da, jama'ar da suka ɗaga shi sama su ne suka koma yi masa ihun raggo. Ya rataye takalminsa.

Har yau duk damina gonar Kalla yake fara nomewa kafin tasu. Suna gaisawa, wani lokaci su sha shayi tare. Amma ba sa zancen ƙwallo. Ranar da ake wasa a gari, Kalla yakan ce wa Zaliha ta rufe ƙofa, don kada ya ji ƙarar usur.

Darasi: Ba duk mai tafiya a hankali ne raggo ba, wani lissafi yake yi. Amma in ka ga kana samun nasara ba tare da gumi ba, ka waiga ka duba wanda yake zubar da gumin a madadinka. Ka gode masa, ka rage masa kaya, kuma in ya ce maka ya gaji, ka ji shi tun yana tsaye da ƙafafunsa. Akwai nadamar da ake yafe wa mai ita, amma ba ta mayar da abin da ya karye. 'Yan uwa, ku tura wannan labari ga sauran jama'a, wataƙila ya isa ga wanda ya manta da mai yi masa gudu.