Sittin na Kaciya, Arba'in na Ido

Duk layinmu babu wanda ya halarci tarukan wayar da kai kan cutar ƙanjamau kamar Dakta. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya taɓa zama har ƙarshen ko da guda ɗaya.

Dakta ba likita ba ne. Direba ne a wata ƙungiya mai yawon faɗakar da matasa, kuma samarin wurin wankin mota ne suka laƙaba masa sunan, shi kuwa bai taɓa yin gardama ba. Aikinsa ya kai wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista makarantu da filayen ƙwallo, ya sauke lasifika, ya tayar da janareta, ya tsaya ya ji ko murya tana fita.

Sista ta san samari ba sa zama sai an fara ba su albishir. Don haka kullum da magana ɗaya take buɗe taro: bincike ya nuna kaciya tana rage wa namiji hatsarin ɗaukar cutar daga mace da kusan kashi sittin cikin ɗari. Sai wuri ya kaure da tafi da fito. Daidai nan Dakta yake tabbatar da cewa lasifika lafiya lau take, sai ya ɗauki jarka ya tafi sayen man janareta, ko ya koma mota ya kwantar da kujera. Kalmar da ke biyo bayan tafin ita ce "amma". Shekara da shekaru yana jan motar nan, shi da wannan kalma ba su taɓa haɗuwa ba.

Da yamma, idan ya kai motar wanki, sai ya hau benci ya raba abin da ya samo.

"Sittin fa, jama'a! Ni duk zamana a makaranta ban taɓa cin sittin a komai ba. Ashe tun ina yaro aka ci mini ita, ina ta ihu ban san gata ake yi mini ba."

Mai wankin motar ya ɗago daga gindin taya, kumfa har gwiwar hannu, ya ce, "To Dakta, sauran arba'in ɗin wa aka bar wa?"

"Ido, ɗan'uwa, ido! Wanda ya daɗe a harkar nan kamar ni, daga tafiyar mace yake ganewa. Ka duba wuya, ka duba leɓe, ka duba farce. Sittin na kaciya, arba'in na ido. Nawa ke nan?"

"Ɗari cif!" in ji samari.

Lissafin ya shiga kansu, domin yana da sauƙin haddacewa kuma bai hana kowa komai ba.

A bayan motar Dakta kullum akwai kwali guda na kwaroron roba da ake rabawa kyauta. Ba za a ce bai amfana da shi ba. Da shi yake tada kai idan zai yi barcin rana. A kujerar gaba kuma akwai wani ƙaton mutum mai fara'a da ke bin su kowane taro, ana ce masa Mai Tumbi. Dakta ya ɗauka shi ne ma'ajin ƙungiyar, saboda jikinsa ya nuna alamar yana kusa da kuɗi.

Aikin yana da tafiye-tafiye, tafiye-tafiyen suna da kwana, Dakta kuwa mutum ne mai saurin sabo da jama'a. Duk garin da suka sauka, idonsa yana aiki tuƙuru.

Da ya tashi aure, ya samu yarinyar kirki, tela mai ɗinka rigunan 'yan makaranta. Sista ta taya shi murna, ta ce ya kawo ta a gwada su tare kafin a ɗaura.

Ya yi dariya ya ce, "Haba Sista, mai kai mutane gwaji shi kuma za a gwada?"

"Har ni ma ina yi," in ji ta.

"Za mu zo, in Allah ya so."

Da yarinyar da kanta ta tayar da maganar, sai ya ce mata ai su a ofis kowane wata ake gwada su, har ya gaji da allura. Ta yarda. Wanda ake kira Dakta, wa zai tsaya yi masa tambaya ta biyu?

Suka zauna lafiya a ɗaki da falo. Keken ɗinkinta yana bakin taga, rigunan yara shuɗaye suna rataye a igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, shi kuma yana shigowa da ƙanshin fetur da labarin duniya. Yana son ta, wannan ba a musu. Idan wuta ta ɗauke, shi yake riƙe mata tocila ta ƙarasa ɗinki.

Da ta samu ciki ta fara zuwa awo. Wata rana ya dawo ya tarar keken a rufe, ita kuma tana zaune a ƙasa, ko mayafinta ba ta cire ba.

"Lafiya, Hajiya? Ko masu rigunan ne suka sake miki rashin mutunci?"

"Zauna, maigida. An gwada jinina a wurin awo. Sun ce ina da ita."

"Da me?"

"Cutar da kake yawon wa'azinta. Sun ce akwai magani, in na riƙe shi da kyau yaron zai iya tsira. Sun ce kai ma ka zo."

Hanya biyu ce a gaban Dakta. Ko dai lissafinsa ne ba daidai ba, ko kuma matarsa ce ba daidai ba. Lissafin ya riga ta zuwa gidan.

"Ina kika samo ta?"

Ta ɗago ta dube shi. "Me ka ce?"

"Na ce ina kika samo ta? Ni dai kin san ba ta kama irina. Da kaciyata tun ina yaro."

"Maigida, ana saura 'yan makonni aurenmu na ba ƙanwata jini a asibiti. Sai da suka gwada suka karɓa. Kai ka kai ni a motarka. Daga nan ban san kowa ba sai kai."

"Masu kawo miki ɗinki fa? Duk mata ne?"

Ta tashi ta fara sauke rigunan yara daga igiya tana ninkewa ɗaya bayan ɗaya, don gobe masu su za su zo karɓa. Kafin ta gama ninkewa ya sake ta.

Yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta zo washegari tana haki.

"Kai yanzu mace da ciki za ka kora? Ka je a gwada ka mana, in ka fito lafiya ni zan fara ba ka haƙuri."

"Yaya, wannan harkar ba ki san ta ba. Mu muke koyar da ita."

"Kai dai mota na san kana ja."

"To a motar ake tattauna komai."

Aka zo da kura aka ɗauki keken ɗinkin. Igiyar ta zauna a bango babu komai a kanta.

Bayan 'yan watanni tari ya kama shi. Ya ce sanyin motar ne. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara huda bel, ya ce tunani ne. Da Sista ta fara kallonsa ta madubi fiye da yadda take kallon hanya, sai ya nemi a mayar da shi ɗaukar kaya, inda ba mai kallon kowa. Yana sayen magani a kemis, yana sha, yana zufa cikin bargo. Idonsa da ke gane cuta daga tafiyar mutum yana duba madubin aski kowace safiya, bai ga komai ba.

Daga baya idon ma ya fara gajiya. Wani hazo ya sauka a na hagu, sannan ya leƙa na dama. Ranar da ya hau kan shingen titi da motar ofis, tsakar rana, ba ruwa ba iska, yayarsa ta sa aka ɗauke shi sai asibiti, ba ta nemi shawararsa ba.

Likitan dattijo ne marar yawan magana. Ya duba shi sama da ƙasa, aka ɗebi jini, ya dawo ya zauna.

"Kana da cutar, kuma ta daɗe a jikinka. Ba ta bana ba ce, ba ta bara ba. Ta cinye garkuwar jikin, shi ya sa tarin fuka ya samu shiga, shi ya sa idon."

Dakta ya tattara sauran muryarsa ya ce, "Likita, ina ganin an yi kuskure. Ni fa ina da kaciya."

"Na gani," in ji likitan, ya ci gaba da rubutu.

An ɗora shi kan magani. Tarin ya lafa, nama ya fara dawowa. Idon hagu bai dawo ba, na dama kuma ya dawo da rabi. Ba a ba mai rabin ido sitiyari, don haka aikin ya tafi.

Ranar da ya fara zuwa layin karɓar magani, ya ja hula har gira, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Mai Tumbi ne.

"Dakta! Ashe kai ma namu ne?"

"Albashi kuka kawo wa ma'aikata?"

"Wane albashi? Magani na zo karɓa. Ina shan shi tun kafin ka koyi tuƙi. Ai shi ne aikina a taron. Bayan Sista ta gama bayanin cewa kaciya ragi take yi, ba rigakafi ba ce, sai in tashi in ce su dube ni da kyau, su faɗa in sun ga alama. Kullum fa kana wurin."

"Ina sayen mai," in ji Dakta.

Sai da ya iya tafiya ba a riƙe shi ba, sannan ya nufi gidan iyayen matar. Ya same ta a wani ɗan shago da ta kama a ƙofar gida, keken yana gudu. Ta yi ƙiba, fatarta sumul. A kan tabarma wata yarinya tana jan tef ɗin awo tana sawa a baki.

Ya yi sallama, ta amsa ba ta tsayar da keken ba.

"Hajiya, na je an gwada ni."

"Na ji. Yaya ta gaya mini. Allah ya ƙara sauƙi."

"Yarinyar fa?"

"An gwada ta, an sake gwadawa. Ba ta da komai."

Ya durƙusa a bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. "Ni na kawo miki. Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Ki yafe mini, ki dawo ɗakinki."

Sai a lokacin ta ɗauke ƙafa daga keken.

"Cutar na yafe maka tuni. Ƙwaya ɗaya ce a rana, na saba. Da a ranar ka ce mini tashi mu je tare, da yanzu tare muke sha, ina tuna maka kana tuna mini. Amma ka tsaya a kaina ina ɗauke da cikinka, ka tambaye ni ko masu kawo ɗinki duk mata ne. Wannan na tambaya a asibiti, ba su da maganinsa."

"Lissafi ne ya ruɗe ni."

"To ka je ka gyara shi. Ka ɗan matsa, Baban yarinya, ka tare mini haske."

Ya nemi ya ɗauki 'yarsa, ta ce ya ɗauka. Ya kawo fuskar yarinyar dab da idonsa na dama yana juya ta wajen haske, yana neman inda ta yi kama da shi. Yarinyar ba ta san shi ba, ta callara kuka. Ya ajiye ta, ya lalubi bango, ya fita. Bayansa keken ya ci gaba.

Yanzu yana ɗakin baya a gidan yayarsa. Ba ya zuwa wurin wankin mota.

Darasin ba mai tsawo ba ne, kuma a ƙarshe yake, inda Dakta ba ya kaiwa. Kaciya tana rage hatsari, gaskiya ne, amma abin da aka rage yana nan bai tafi ba. Ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, ba ta hana shi sa wa matarsa, kuma ba ta maye gurbin kame kai ko kwaroron roba. Ido ba ya ganin ƙanjamau, gwaji ne kaɗai yake gani, kuma wanda ya sani da wuri yakan sha magani ya ci gaba da rayuwarsa. Wanda ya ji rabin magana ya hau benci da ita, ba kansa kaɗai yake cuta ba. Ya kamata a ce samarin layin sun koyi wannan daga abin da ya sami Dakta. Sai dai yayarsa, don rufin asiri, ta gaya wa kowa taifot ne ya kwantar da shi. Samarin sun ji tsoro ƙwarai, sun koma tafasa ruwan sha.